ƘARI A ƘWAƘWALWA: MAFARINSA DA YADDA YA KE RIKIƊA

Jawabinmu na yau a kan wata cuta ne wadda ba kasafai a ke ganinta ba, amma in ta shiga gida ta kan kawo ruɗami ƙwarai da gaske. Ita ce ƙari a cikin ƙwaƙwalwa. Kai da ka ke riƙe da wannan takarda kana jiran layi a ɗakin shan magani, in ka gama ka daure ka karanta wa na kusa da kai wanda bai iya karatu ba.

Ka ɗauka ga wani magidanci a ƙauyenku, mai shekara kamar 40, ƙaƙƙarfa, bai taɓa farfaɗiya ba tun da aka haife shi. Ran nan yana cikin noma sai ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure. Bayan wata biyu ciwon kai ya kama shi, kullum da asuba, har da amai. Halinsa kuma ya sake, mutumin da aka sani da haƙuri ya koma mafaɗaci. To, ka san abin da za a ce. Wani ya ce jifa ce, wani ya ce iska ce. A zargi amarya, ko ɗan'uwan da su ke rigimar gona da shi. A sayar da akuya, a sayar da sa, a yi ta yawon neman magani har wata shida. Sai can da ƙarfinsa ya ƙare a kai shi babban asibiti, a ɗauki hoton kansa, a ga ƙari kamar ƙwan kaza. Daga nan kuma sai wani tsoron ya taso, a ce ai abin gado ne, a fara gudun auren 'ya'yansa.

Saboda haka tambaya uku za mu amsa yau. Daga ina ƙarin nan ya ke fitowa? Gadonsa a ke yi? Me ya sa jinkiri ya ke da haɗari?

TUBALAN JIKI

Yadda a ke gina ɗaki da tubali, haka jikinka ya ke a gine da waɗansu ƙananan abubuwa masu rai da ido ba ya gani sai da madubin likita. Za mu kira su ƙwayoyin jiki. Yawansu a jikin baligi ya kai tiriliyan 30. Dukansu kuwa daga ƙwaya ɗaya tak suka fito, wadda ta samu ran da aka ɗauki cikinka. Ita ce ta rabu biyu, biyun suka zama huɗu, huɗun suka zama takwas, har ka zama mutum.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyi masu kai saƙo, su ne masu aikin tunani da gani da motsi, yawansu wajen biliyan 86. Waɗannan in sun manyanta yawancinsu ba su ƙara rabuwa. Akwai kuma waɗansu masu yawa kamarsu, aikinsu ciyad da masu kai saƙo da tallafa musu, kamar barori a gidan sarki. Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, shi ya raɗa musu suna giliya a shekarun 1850, watau danƙo, don ya zaci su ne ke manne ƙwaƙwalwa. Barorin nan da iyayensu suna iya rabuwa, kuma daga zuriyarsu yawancin mugun ƙari na cikin ƙwaƙwalwa ya ke fitowa. Sunansa giliyoma. Akwai kuma tantani da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, wanda sanƙarau ya kan kama. Ƙarin da ke tsirowa a jikinsa sunansa maninjiyoma, ya fi samun mata, kuma yawancinsa a hankali ya ke girma.

Ka riƙe wannan tukuna: ƙari naman jikin mai shi ne. Ƙwayarsa ce ta ƙi bin doka, ta yi ta rabuwa ba tsayawa. Ƙoƙon kai kuwa ƙashi ne, ba ya buɗewa. Don haka ko ƙarin da ba mugu ba ne, in ya girma sai ya matse ƙwaƙwalwa, ya kawo ciwon kai da amai da raunin gani.

LITTAFIN DA KE CIKIN KOWACE ƘWAYA

Wa ke gaya wa ƙwaya lokacin rabuwa da lokacin tsayawa? A tsakiyarta akwai wani dogon zare, wanda masana ke kira DNA. Shi ne littafin dokokinta. A 1953 ne James Watson da Francis Crick suka gano siffarsa a Kambirij ta Ingila, da taimakon hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka a Landan. Da baƙaƙe huɗu kurum aka rubuta shi, amma tsawonsa ya kai baƙi biliyan 3, kuma kwafi biyu gare ka, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. An kasa shi kundi kundi, 23 daga kowane gefe, 46 ke nan. A cikin kundayen akwai babi wajen 20,000, kowane da umarninsa: wannan na launin fata, wannan na jini, wannan na girma.

Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu, tilas ta kwafi littafin nan gaba ɗaya, don kowace ɗiya ta sami nata. Ka duba magatakarda a fada. Komai gwanintarsa, in aka sa shi ya yi ta kwafar dogon littafi shekara da shekaru, wata rana zai tsallake baƙi, ko ya maimaita layi, ko shafi ya yage. Wanda kuma ya kwafa daga nasa zai kwashi kuskuren ya ƙara da nasa. Haka ƙwayoyin jiki su ke. Suna da masu duba rubutu masu gyara kusan dukan kuskure, amma kaɗan ya kan kuɓuce. Mafi yawan wanda ya kuɓuce ba ya cutad da kowa, gama ya faɗa inda ba kome. Haɗarin shi ne ya faɗa a kan babin da ke tsare girman ƙwaya.

Irin babin nan kashi biyu ne, kuma kowane direban mota ya san su. Akwai masu aikin totur, su ke cewa ƙwaya ta rabu. Akwai masu aikin birki, su ke cewa ta tsaya, ko ma ta mutu in ta lalace. In totur ya maƙale, birki kuma ya tsinke, ka san abin da zai faru a gangara. Kuskure ɗaya ba ya isa ya kawo mugun ƙari. Sai an tara da dama a cikin zuriyar ƙwaya guda, wannan bayan wannan. Shi ya sa cutar ta fi yawa ga masu manyan shekaru, don magatakardansu ya daɗe yana kwafa. Tun a 1914 wani masanin Jamus, Theodor Boveri, ya ce daji daga ɓacin kundayen nan ya ke tasowa, amma sai bayan shekaru da yawa aka sami na'urorin da suka gaskata shi.

Daga abubuwan waje, wanda aka tabbatar yana kawo ƙarin ƙwaƙwalwa shi ne haske mai ƙarfi irin na eksire in an gasa kai da shi. A ƙasar Isra'ila, daga 1948 zuwa 1960, an yi wa yara fiye da 10,000 maganin makero ta hanyar gasa musu kai da wannan haske. Bayan shekaru masu yawa aka ga ƙari ya fi fito musu bisa ga tsararrakinsu, musamman maninjiyoma. Tuni aka bar wannan hanya. Hoton da likita zai sa a ɗauka maka don gano ciwo, haskensa bai kama ƙafar wancan ba, kada ka ƙi shi. Game da wayar hannu kuwa, wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai sami alaƙa tsakaninta da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba. Ƙari kuma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ka ci abinci da mai shi, ka kwana ɗaki ɗaya da shi, ba abin da zai same ka.

GADO NE?

Nan ne mutane su kan ruɗe. Sun ji an ce cutar daga littafin gado ta ke, sai su ce ashe gadonta a ke yi. To, ka saurara da kyau. Kuskuren da ya faru a cikin wata ƙwaya ta ƙwaƙwalwar mutum bayan an haife shi, a nan ya ke zama. Ba ya cikin maniyyinsa, ba ya cikin ƙwan mace, saboda haka ba ya zuwa ga 'ya'ya. Haka abin ya ke ga mafi yawan masu wannan cuta. Cikin mutum 100 masu ƙari a ƙwaƙwalwa, waɗanda nasu ke da nasaba da wata sananniyar cutar gado ba su wuce 5 zuwa 10 ba.

Yadda na gadon ke faruwa, wani likitan Amurka mai suna Alfred Knudson ne ya bayyana shi a 1971. Ya yi nazarin wani ƙari da ke fitowa a cikin idon ƙananan yara. Ya lura cewa yaran da abin ke cikin danginsu, da wuri ya kan kama su, sau da yawa ido biyu. Waɗanda ba shi a danginsu kuwa, ya kan makara, kuma ido ɗaya. Ga fassararsa. Ka duba keke, birki biyu gare shi, na gaba da na baya. Haka kowane babin birki, kwafi biyu ne, na uba da na uwa. In ɗaya ya lalace, ɗayan zai tsai da keken. Yaron da aka haifa da birki biyu lafiyayyu, sai tsautsayi ya faɗa wa ƙwaya guda har sau biyu kafin ƙari ya fito, wannan kuwa da wuya. Amma yaron da ya gaji birki ɗaya a lalace, a kowace ƙwaya ta jikinsa saura ɗaya, tsautsayi guda ya isa. A 1986 aka gano ainihin babin, maganar Knudson ta tabbata.

Daga cututtukan gado masu kawo ƙari a kai, wadda za ka fi gani ita ce wadda likitoci ke kira NF1. Tana samun kamar mutum ɗaya cikin 3,000 a kowace ƙabila. Wani likitan Jamus, von Recklinghausen, ya bayyana ta a 1882, aka kuma gano babinta a kundi na 17 a 1990. Alamarta tabo tabo ne a fata masu launin da ya bambanta da sauran jiki, shida ko fiye, tun yaro yana ƙarami, sa'an nan in ya balaga ƙulluttai masu taushi su fito masa. Waɗansu yaran su kan sami ƙari a jijiyar gani. Rabin masu ita daga uba ko uwa suka gada, rabi kuwa a kansu ta fara. Mai ita, kowane ɗa da zai haifa yana tsakanin samu da rashi, daidai wa daida. Akwai 'yar'uwarta da babinta ke kundi na 22, ita kuma ƙari ta kan kawo a jijiyar ji, saurayi ko budurwa su fara kurumcewa. Akwai kuma wadda likitoci biyu, Li da Fraumeni, suka bayyana a 1969, inda a gida ɗaya a ke samun daji iri iri ga masu ƙananan shekaru, na nono, na ƙashi, na jini, na ƙwaƙwalwa.

Wata kuma, wadda ba ta da yawa ko kaɗan, tafiyarta irin ta amosanin jini ce. Uba lafiya lau, uwa lafiya lau, amma kowannensu na ɗauke da ɓataccen kwafi ɗaya na babin masu duba rubutu. In yaro ya haɗa biyun, kuskure ya kan taru masa da sauri, ƙari ya fito tun yana ƙarami. An fi ganinta inda a ke yawan auren zumunci. Saboda haka in yara biyu ko uku a ɗaki ɗaya, ko a dangi na kusa, sun yi ƙari ko ciwon daji, ku gaya wa likita. In kuwa dattijo ɗaya ne ya yi ƙari a gida, ba wani kafinsa, to, babu dalilin gudun 'ya'yansa. Ku aura, ku ba su aure.

YADDA ƘARI KE RIKIƊA

Yanzu mun zo ga muhimmin sashe. Ƙarin da ke kan mutum bana, ba lalle ya zama shi ne na baɗi ba, domin yana sake hali. A 1976 Peter Nowell, wani likita a Filadelfiya ta Amurka, ya bayyana yadda abin ke tafiya. Ƙwaya ɗaya ce ta kan fara samun kuskuren da zai sa ta ɗan fi maƙwabtanta saurin rabuwa. 'Ya'yanta su yi yawa. Cikinsu wata ta ƙara samun kuskure na biyu, ta fi 'yan'uwanta ƙarfi, zuriyarta ta danne su. Cikin jikoki kuma wata ta sami na uku. Kowane manomi ya san wannan daga ciyawa: wadda ta fi saurin tsiro da zub da iri, ita ke cinye gona in an bar ta.

Ka kwatanta ƙari da itace. Kuskuren farko shi ne gindi, yana cikin kowace ƙwaya ta ƙarin. Na baya su ne rassa, wannan reshe da nasa, wancan da nasa. Masana yanzu suna iya karanta littafin ƙwayoyin ƙari baƙi baƙi, su jera wanda ya riga wani, kamar yadda maroƙi ke jera asalin sarakuna. Ga abin da suka samu game da giliyoma ta manya, wadda ke da manyan hanyoyi biyu.

Hanya ta fari ta fi samun masu shekara 20 zuwa 45. Gindinta kuskure ne a wani babi mai suna IDH, wanda masu bincike a Amurka suka gano a 2008. Baƙi ɗaya kurum ke sakewa, amma sai ƙwaya ta shiga tara wani sinadari wanda ke hana ta buɗe shafukan da za su sa ta manyanta. Sai ta zauna a yarinta tana ta rabuwa. Daga gindin nan reshe biyu ke fita. A ɗaya, birkin nan mai suna TP53 ne ke lalacewa. A ɗayan kuwa, hannu ɗaya na kundi na 1 da hannu ɗaya na kundi na 19 su ke ɓacewa tare, kuma wannan shi ya fi jin magani, masu shi da yawa su kan shekara goma ko fiye bayan an gano. Irin wannan ƙari a hankali ya ke tafiya, sau da yawa farfaɗiya ce alamarsa ta fari. Amma in an bar shi, ya kan yi ta tara kuskure har ya koma mugu.

Hanya ta biyu ta fi samun dattawa, daga shekara 55 zuwa sama. Ita ke kai wa ga giliyobilastoma, wanda ya fi kowane tsanani. A nan ƙwaya ta kan sami ƙarin kwafin kundi na 7, inda akwai wani babban totur, ta kuma rasa kwafi ɗaya na kundi na 10, inda akwai wani babban birki. Sa'an nan ta koyi wata dabara. Ka san yadda a ke ɗaure bakin igiya don kada ta warware. Kundayen nan ma suna da irin wannan ɗauri, kuma kowace rabuwa ya kan ɗan ci, har ya ƙare ƙwaya ta tsufa ta daina. Ƙwayar ƙari ta kan tada wani babi mai suna TERT da ke sabunta ɗaurin, sai ta ƙi tsufa. A 2018 masana a Koriya ta Kudu suka nuna cewa a waɗansu majiyyata kuskuren farko yana cikin ƙwayoyi iyaye da ke can gefen kogon ruwa na tsakiyar ƙwaƙwalwa, nesa da inda ƙarin ya fito. A 2019 kuma masana a Haidalbag ta Jamus suka yi lissafi, suka ga cewa irin wannan ƙari ya kan soma shekara 2 zuwa 7 kafin a gano shi. Ka ga ke nan, ran da mutumin nan ya faɗi a gona, abin ya daɗe a kansa, tun kafin a kawo amarya, tun kafin rigimar gona.

Na yara kuwa dabam ya ke da na manya. Kuskurensa kaɗan ne, amma ya kan faɗa wa ƙwaya a daidai lokacin da a ke gina ƙwaƙwalwa, ya hana ta gama girma. Ya fi fitowa a bayan kai wajen ƙeya, inda a ke tsare daidaiton tafiya. Ɗaya daga cikinsu, medulobilastoma, da a ke ɗauka cuta ɗaya ce, a 2012 masana suka daidaita a kan cewa iri huɗu ce, kowace da asalinta, kuma ɗaya daga cikin huɗun kusan dukan yaran da aka yi wa magani sosai su kan warke.

DALILIN DA YA SA YA KAN DAWO

Manyanku sun tuna lokacin da kulorokwin ke kashe zazzaɓin cizon sauro nan da nan. Daga baya ya daina aiki, har Nijeriya ta sake magani a 2005. Ƙwayoyin cutar da maganin ke kashewa sun mutu, 'yan kaɗan da ba su jinsa suka rage, suka hayayyafa, suka cika ƙasa. Irin wannan ke faruwa a cikin mugun ƙari. A 2013 masana a Kambirij suka yanko yanki yanki daga wurare dabam na ƙari guda, suka tarar littattafansu ba ɗaya ba ne. Magani ya kan kashe rassan da ke jinsa, ƙarin ya motse, majiyyaci ya sami sauƙi. Reshen da ba ya ji kuwa sai ya sami fili. Ban da haka, giliyoma ba ta da iyaka tsararriya, ƙwayoyinta su kan kutsa cikin lafiyayyar ƙwaƙwalwa kamar saiwar ƙuduji a jikin dawa, wuƙar likita ba ta iya bin kowace.

To, ga amsar tambayarmu ta uku. Gwargwadon daɗewar ƙari, gwargwadon yawan rassansa, gwargwadon kuma wuyar maganinsa. Ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

ABIN DA ILIMIN NAN YA AMFANA

A 1884 Rickman Godlee ya buɗe kan wani saurayi a Landan ya cire masa ƙari, ba hoto, sai bin alamu. A 1926 Percival Bailey da Harvey Cushing suka kasa giliyoma iri iri bisa ga kamanninta a madubin likita. A 1962 Latunde Odeku, ɗan Nijeriya na farko da ya ƙware a fiɗar ƙwaƙwalwa, ya soma wannan aiki a Ibadan. A 1971 aka fara ɗaukar hoton cikin kai da na'urar sikan a Landan. Daga 2016 kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa raɗa wa ƙari suna bisa ga kuskuren da ke cikin littafinsa tare da kamanninsa, ta ƙara ƙarfafa haka a 2021. Dalili kuwa, ƙari biyu su kan yi kama a madubi, amma hanyarsu dabam, maganinsu dabam. Irin ƙarin da aka lissafa ya haura 100, kuma a kan ba kowane daraja daga 1 zuwa 4, na 1 shi ne mai sauƙi.

Ba za mu ɓoye muku ba, giliyobilastoma har yanzu ba a warkad da shi. Gwajin da aka buga a 2005 ya nuna cewa haɗa fiɗa da gashi na na'ura da wani magani mai suna temozolomide ya ƙara matsakaicin kwanan majiyyata daga wata 12 zuwa kusan wata 15. Amma a 2024 Amurka ta yarda da wani sabon magani mai tsada, vorasidenib, wanda ke sarar gindin nan na IDH. A gwajinsa ya tsai da girman ƙari wajen wata 27, waɗanda ba su sha ba kuwa wata 11. Abin da ya fi wannan daɗin ji shi ne, ƙari da yawa ba mugaye ba ne. Maninjiyoma da waɗansu na yara, in aka cire su duka da wuri, mutum ya kan warke ya koma gonarsa.

ABIN DA ZA KA YI

Kada ka tsorata don kanka ya yi ciwo. Kusan dukan ciwon kai daga zazzaɓi ne, ko rana, ko gajiya, ko yunwa, ko ciwon ido. Amma in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka zo ɗakin shan magani a cikin makon nan:

1. Baligi ya fara farfaɗiya, da can ba ya yi.
2. Ciwon kai sabo da ke ƙaruwa mako bayan mako, ya fi tsanani da asuba, da amai.
3. Hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya tana mutuwa a hankali, ko magana tana sarƙewa.
4. Gani yana raguwa, ko abu ɗaya ya zama biyu, ko kunne ɗaya ya daina ji.
5. Halin mutum ya sake, ko mantuwa ta yi masa yawa cikin 'yan watanni.
6. Yaro yana amai da safe ba zazzaɓi, yana tangaɗi, ko idonsa ya karkace, ko kan jariri yana girma fiye da ƙima.
7. Baƙin idon yaro yana walƙiya fari kamar na kyanwa da dare.

Malamin asibiti zai duba ka. In ya ga ya kamata, zai ba ka takarda zuwa babban asibiti, daga can a tura ka inda a ke hoton kai da fiɗar ƙwaƙwalwa, kamar asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato, ko babban asibitin Yamai. Ka tafi da wanda ya ga yadda ciwon ya fara, ka kuma faɗi ko wani a dangi ya taɓa irinsa. Ka sani kuma, hoto ya kan nuna wani abu dabam mai kama da ƙari, kamar ƙullutun tarin fuka ko maruru a cikin kai, waɗanda ke da magani. Wani lokaci kuma daji ne ya taso daga nono ko huhu ya hau kai, don haka mace mai ƙullutu a nono kada ta ɓoye.

In mutum ya faɗi yana farfaɗiya, ku janye shi daga wuta da ruwa, ku kwantad da shi a kan gefensa, kada ku cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada ku ɗura masa kome. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwo. Ku yi masa addu'a, ku kuma kai shi asibiti, gama addu'a ba ta hana neman magani. Kuɗin da za a kashe wajen yawo, a tara shi don mota da hoto.

Wanda kuma likita ya ce nasa ya wuce fiɗa, kada ku yashe shi. Akwai maganin da ke rage kumburin kai, da na farfaɗiya, da na zafin ciwo. In ya yi muku faɗa ko ya manta sunanku, ku tuna ciwon ne, ku yi haƙuri da shi. Kada kuma ku ɗora wa matarsa ko ɗan'uwansa laifin abin da ya faro daga ƙwaya ɗaya a cikin kansa shekaru da suka wuce.

Nan za mu dakata. Wanda ke da tambaya ya yi wa malamin asibiti kafin ya koma gida. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, amin.